Darasinmu Na Wannan Fitowa: Dillalin Da Ya Sa Rigar Hukuma

Darasinmu na wannan karo ba na farashin bijimi ba ne, ba kuma na kuɗin duwan ba. Magana ce a kan wani ɗan kati da bai kai tafin hannu ba, wanda direba ke sakawa a aljihun gaba, amma in ya zama na banza sai ya tsayar da tirela guda cur da shanunta a bakin shinge. Watau lasisin tuƙi, wanda mu nan muka fi sani da farmi.

Abin da ya jawo maganar ni ya faɗa wa. Bara na yi lodin shanu talatin da biyu a wata kasuwar kan iyaka za mu Kurmi. Direban ɗan Nijeriya ne, yaro mai hankali, shekara huɗu muna aiki tare ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Mun yi nisa sai aka tsayar da mu a wani shinge. Jami'i ya karɓi lasisinsa, ya juya shi gaba da baya, ya buga lambar a cikin wayarsa, ya ɗago kai ya ce wannan lamba babu ita a rajistar hukuma. Yaro ya shiga rantse-rantse, ya ce shi da hannunsa ya sabunta, ya biya, har ya nuna rasit a waya. Kuma gaskiya ya faɗa, ya biya. Abin da bai sani ba shi ne wa ya biya. Ya nemi wurin sabunta lasisi a intanet, ya taɓa shafin da ya fara fitowa, ya ga tuta da tambarin ƙasa, ya cika suna, ya tura hoto, ya tura kuɗi, bayan mako biyu aka aiko masa da kati ta tasha.

Yini da kwana muka yi a wurin. Duk wanda ya san shanu a cikin mota ya san abin da wannan ke nufi: rana ta buge su, ba ruwa, ba wurin saukewa. Biyu suka kwanta, ɗaya dole muka yanka muka sayar wa mahautan garin yadda suka ga dama. Sai da na ɗauko wani direba da kuɗi dabam kafin mota ta motsa. Da muka isa kara, sauran sun zube, dillalina ya dube su ya girgiza kai kawai.

To, mu duba yadda abin yake. Mu 'yan kasuwa ba baƙin dillali ba ne. Sana'armu ma ba ta tafiya sai da shi. Amma dillalin tike ka san sunansa, ka san gidansa, ka san fatoman da zai tsaya masa, kuma tun kafin a sallama ya gaya maka la'adarsa. In saniya ta fito ta sata, shi za a fara kamawa. Mai irin wannan shafi shi ma dillali ne, sai dai ba ya cewa shi dillali ne. Yakan ɗauki kalar shafin gwamnati, da tuta, da suna mai kama da na hukuma, don ka ɗauka a gaban teburin ma'aikaci kake. Wani ma yakan rubuta can ƙasa, da rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero, cewa shi ba ya da alaƙa da gwamnati. Ya rubuta ne don ranar shari'a, ba don kai ka karanta ba.

Yaya aka yi yake fitowa a sama? Saye ya yi. Wurin da ke can saman sakamakon bincike na talla ne, wanda ya biya shi ake sakawa. In ka lura za ka ga 'yar kalma kusa da shi, Sponsored ko Sponsorisé, ma'anarta an biya kuɗi aka sa shi nan. A 2020 kamfanin Google ya fito da doka ta hana tallan takardun da mutum zai iya samu kai tsaye daga gwamnati, amma ba a rasa masu sulalewa, kuma yanzu da yawansu sun koma Facebook da WhatsApp inda ake tura wa juna abu ba bincike.

Kada wani ya ce ai rashin boko ne ke jawo mana. Wannan cuta a ƙasar Turawa ta fi yin suna. A Ingila hukumar lasisi, wadda ake kira DVLA, ta sha yin kashedi a kanta. A farashin 2024, neman lasisin koyo ta shafin gwamnati fam 34 ne, sabunta kati fam 14, canjin adireshi kyauta, haka wanda ya kai shekara 70 sabuntawarsa kyauta ce. Amma sai wani shafi ya karɓi kuɗin tsoho ya cika masa takardar da ba a biyan ko sisi a kanta. A 2018 wata kotu a can ta ɗaure mutum shida waɗanda suka buɗe irin waɗannan shafuna na fasfo da lasisi da biza tsakanin 2011 da 2014, aka lissafa abin da suka tara ya kai fam miliyan 37. Ka ji fa. Mutanen da aka haifa cikin Turanci ke nan, balle mu da sai an karanta mana.

Sai dai akwai bambanci tsakanin ɓarnar can da ta nan, kuma nan ne nake so a buɗe kunne. Da yawan shafunan Ingila sukan tura takardarka ga hukuma da gaske, lasisi na ƙwarai ya zo, asararka ita ce kuɗin da ka ƙara a banza. Wannan da sauƙi, an yi maka tsada ne kawai. Akwai kuma wanda zai karɓi kuɗi ya ɓace, lambarsa ta daina shiga. Shi ma da sauƙinsa, domin ka san an cuce ka tun kana gida, mota ba ta tashi ba. Mugun shi ne na uku, irin wanda ya samu yarona: ya karɓi kuɗi, ya buga maka kati mai kyau da hotonka, da ƙyalli, da lamba, ka sa a aljihu hankalinka kwance. Kana iya wuce shinge goma da shi, tun da ba kowane jami'i ke bincikar lamba ba. Ranar da za a gane, ranar ce kake da kaya mai rai a bayanka. Kuma a idon doka ba wanda aka cuta ba ne kai, mai riƙe da takardar jabu ne, sai ka yi bayani.

Bugu da ƙari, akwai maganar inshora, wadda da yawanmu masu mota ba mu tunawa da ita sai an yi hatsari, Allah Ya kiyaye. Takardar inshora ta ginu ne a kan cewa mai tuƙin yana da lasisi ingantacce na irin motar da yake ja. In aka samu na jabu ne, kamfani na iya ƙin biyan asarar motarka, ko ya biya wanda aka buge sannan ya dawo ya bi ka bashi. Watau katin da yaronka ya saya a waya, kai mai mota shi zai ci.

Yanzu ta yaya za a gane? Babu ɗayanmu da ke sayen sa don tozonsa ya burge shi. Sai ka buɗe baki ka ga haƙori. Haƙorin shafi shi ne adireshinsa, wannan rubutu da ke can sama a cikin ɗan akwati. Tuta da tambari kowa na iya kwafa cikin minti ɗaya, amma ƙarshen adireshin gwamnati ba a sayar da shi a kasuwa. Na gwamnatin Nijeriya yakan ƙare da gov.ng, na Gana gov.gh, na Ingila gov.uk, ma'aikatunmu na Nijar da yawa gouv.ne, na Bini gouv.bj. A lura, ƙarshe na ce. Ɗan damfara yakan cusa gov ko gouv ko sunan hukuma a farko ko a tsakiya, sannan adireshin ya ƙare da wani abu dabam. Ka karanta daga farko har zuwa inda ka ci karo da karan tsaye mai jirge na farko, abin da ke dab da shi shi ne asalin gidan. Ɗan kwaɗon nan da ake gani kusa da adireshi kuwa, kada ya ruɗe ka. Ma'anarsa kawai ba mai leƙen abin da kake turawa a hanya. Ɓarawo ma yana da kwaɗo a ƙofarsa.

Abu na biyu, wa za ka biya? In aka ba ka lambar asusu mai sunan wani mutum, ko aka ce ka je gidan aike da kuɗi ka tura wa wane, to magana ta ƙare. Hukuma ba ta karɓar kuɗi da sunan Malam wane. Nata biya ta banki ne ko ta hanyar da ta tsara, rasit kuma ya fito da sunanta.

Na uku shi ne wanda ya fi sauƙin riƙewa, ko ba ka iya karatu ba. Duk wanda ya ce zai yi maka sabon lasisi kana zaune a zango, ba jarrabawa, ba zuwa ofis, ƙarya yake. Mu ɗauki Nijeriya, tun da yawancin tirelolin da ke kwasar shanunmu daga Maigatari da Mai'aduwa da Illela direbobin can ke jan su. Lasisin can hukuma uku ke da hannu a ciki: hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC wadda aka kafa a 1988, da ofishin tara haraji na jiha, da jami'an duba motoci da ake kira VIO. Mai neman sabo sai ya bi ta makarantar koyon tuƙi da hukuma ta amince da ita, VIO su gwada shi, ya kawo lambarsa ta ɗan ƙasa, watau NIN, sannan ya je da ƙafarsa a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. A watan Yuni 2025 an sa kuɗin lasisin mota naira 15,000 na shekara uku, naira 21,000 na shekara biyar, ban da kuɗin makaranta. Farashi yakan motsa, saboda haka a tambaya a ofis, amma ka ga ma'auni. Shafin hukumar frsc.gov.ng ne, daga nan ake bi. Mu ma nan gida haka abin yake, farmin babbar mota ba a samunsa sai an bi ta makaranta an ci jarrabawar dokokin hanya da ta tuƙi. Yatsa ba ya bin waya, jarrabawa ma haka.

Sauran wanda aka fi yi wa masu tsallaka iyaka tarko da shi, wato wanda ake kira lasisin ƙasa da ƙasa. Za ka ga talla an ce ka biya dala kaza a aiko maka da lasisin da ke aiki a duk duniya, har a sa tambarin Majalisar Ɗinkin Duniya. Majalisar ba ta ba kowa lasisi. Abin da ke akwai na gaskiya ɗan littafi ne da aka amince da shi a yarjejeniyar Janeba ta 1949 da ta Biyana ta 1968. Aikinsa fassara ne kawai, yana bayyana lasisinka na gida cikin harsuna da dama don jami'in wata ƙasa ya gane. Ba ya aiki shi kaɗai sai tare da na gidan, kuma ƙasar da ta ba ka lasisi, ko ƙungiyar da ta wakilta, ita ke bayar da shi. Na tsarin 1949 shekara ɗaya yake yi, na 1968 har zuwa uku. A Ingila fam biyar da rabi ake sayar da shi a kanti. A Amurka ƙungiyoyi biyu rak gwamnati ta yarje wa su bayar. Saboda haka wanda ke zaune wata ƙasa da ba ka sani ba, yana cewa zai yi maka na duniya ko ba ka da na gida, takardar ƙunsa ƙosai zai aiko maka.

Wani zai ce, to ni ban iya waya ba, dole wani ya cika mini. Ba laifi. Yaron shagon kwamfuta da zai cika maka takarda a shafin hukuma, ya ce kuɗin hukuma kaza, ladan aikina kaza, wannan dillalin ƙwarai ne, a biya shi haƙƙinsa. Abin da za ka nema wurinsa shi ne ya nuna maka adireshin da ya shiga, ya kuma buga maka rasit. Amma kada ka bar masa katin bankinka, kada kuma ka karanta wa kowa lambar sirri da banki ke turowa ta saƙo. Domin mai shafin jabu ba kuɗin lasisi kaɗai ya samu ba. Hoton katin shaidarka na hannunsa, da ranar haihuwarka, da lambar wayarka, yana iya buɗe asusu da su ya cuci wani da sunanka.

Wanda ya riga ya faɗa, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya garzaya banki a rufe katin da ya biya da shi. Ya adana rasit da saƙonnin da suka yi musaya, kada ya goge ko ɗaya, su ne shaidarsa cewa shi ma cutarsa aka yi. Ya kai katin ofishin lasisi da ƙafarsa a duba lambar, gara ya kai kansa da a kama shi da shi a hanya. Yarona haka ya yi daga baya, ya sake bin layi, ya sake biya, yanzu nasa na ƙwarai ne.

Ku kuma iyayen gida masu ɗaukar hayar tirela, mun saba mu duba taya, mu duba katako da yashin da aka shimfiɗa wa shanu, mu yi ciniki, shi ke nan. A ƙara da tambayar direba: ina ka yi lasisinka, ka je an ɗauki yatsanka? In ya ce ta waya aka yi masa aka aiko ta tasha, a nemi wani tun shanu na ƙasa. Wanda ya ci karo da irin wannan shafi ko lambar waya, ya rubuto ya kawo wa sakataren reshensu don a karanta wa jama'a ranar taro.

A fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu, za mu duba takardar likitan dabbobi da ake nema a kan iyaka, da inda ake yankarta.