Darasin Wannan Wata: Yanka Ƙofar Dubawa a Daɓen Jirgin Ruwa

Masunta da masu fito, wannan darasi naku ne. Kafintoci ma su matso kusa.

A Jihar Kano muna da manyan ruwaye. Akwai dam ɗin Tiga, wanda aka gama a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Akwai na Challawa a Ƙaraye, da na Watari a Bagwai. Akwai kuma kogin Wudil. Mutane da yawa suna cin abinci da jirgi a waɗannan wurare.

Wasu masu jirgi suna shimfiɗa katako a cikin jirginsu. Wannan shimfiɗa ita ce daɓe. Daɓe yana da amfani. Kaya ba sa jiƙewa, fasinja kuma suna samun wurin taka ƙafa. Amma yana ɓoye abin da ke ƙarƙashinsa. Shi ya sa ake yanka masa ƙaramar ƙofa mai murfi.

Me ke ɓoye a ƙarƙashin daɓe?

Na farko, ruwa. Lita 1 ta ruwa nauyinta kilo 1 ne. Jarka 2 masu lita 25 sun kai nauyin buhun siminti. To, idan ruwan jarka 6 ya taru a ƙasa, kamar ka ɗauki ƙarin manya 2 ne ba ka sani ba. Kuma wannan ruwa ba ya zama wuri ɗaya. Jirgi na karkata, sai ya kwarara can, ya ƙara karkatar da shi.

Na biyu, ruɓa. Katakon da ba ya shan iska yana ruɓewa, ƙarfe kuma yana tsatsa.

Mu tuna da abin da ya faru ranar 30 ga Nuwamba, 2021. Jirgi ya taso daga Badau zuwa Bagwai, ya kife a ruwan Watari. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. Hukumomi sun ce lodi ne ya yi yawa. Allah ya ji ƙansu. Ruwan da ke ƙarƙashin daɓe shi ma lodi ne, sai dai ido ba ya ganinsa.

Kayan aiki

Tef na awo da fensir. Abin huda katako. Siririn zarto mai tsinin baki. Guduma. Samfefa. Ƙusoshi waɗanda ba sa tsatsa. Guntayen katako 4 masu kaurin inci 2. Fentin mai ko kwalta. Robar cikin taya da gajeriyar igiya.

Wanda ya shigo birni ta titin Zariya zai sami katako a kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa. Gaba kaɗan, a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, akwai kafintoci da masu walda. Za su iya yanka maka katakon, su haɗa murfin. Amma jirgi yana bakin ruwa, ba su gan shi ba. Saboda haka ka zo da awonka a rubuce a takarda: tsawo, faɗi, da kaurin daɓe. Ga amfanin karatu da rubutu ke nan. Awon baki yakan ɓata katako.

Yadda ake aikin

1. Fito da jirgi tudu. Sauke inji da tankin mai, ka kai su nesa. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasan jirgi. Bar jirgin ya sha iska. Kada kowa ya sha taba ko ya kunna wuta a kusa.

2. Zaɓi wuri. Nemi inda jirgi ya fi zurfi, don can ruwa yake taruwa. A jirgi mai inji, yawanci wajen baya ne. Kauce wa inda mutane suke dirowa idan za su shiga.

3. Nemo haƙarƙarin jirgi. Su ne katakan da suka gitta a ƙarƙashin daɓe. Layin ƙusoshi zai nuna maka inda suke. Ko ka ƙwanƙwasa da guduma a hankali. Inda ƙara ta yi kamar ganga, babu komai a ƙasa. Ƙofa tana zama tsakanin haƙarƙari 2. Kada ka yanke ko ɗaya, su ne ƙarfin jirgi.

4. Auna zurfi. Huda ƙaramin rami a tsakiyar wurin. Zura waya ka ji nisan da ke tsakanin daɓe da cikin jirgi. Lanƙwasa bakin wayar, ka juya ta, ko za ta taɓa bututun mai ko wayar lantarki. Sannan ka ɗaura ƙyalle a jikin zarto, ya zama alamar iyakar da zai shiga. Wanda bai auna ba zai iya huda cikin jirginsa.

5. Zana ƙofa. Inci 12 tsawo, inci 12 faɗi, ya isa hannu da kwano su shiga. Ɗora gwangwanin madara a kowace kusurwa, ka zagaya da fensir. Kusurwa za ta fito da lanƙwasa.

6. Yanka. Huda rami a kowace kusurwa, ta cikin zane. Sa zarto ka bi layi sannu a hankali. Kafin ka gama, buga ƙusa a tsakiyar guntun, ka riƙe shi kada ya faɗa ciki. Adana shi, shi ne murfinka.

7. Ƙarfafa baki. Kafa guntayen katakon nan 4 ta ƙarƙashi, su zagaye ƙofar. Kowanne ya leƙo da inci 1, don murfi ya sami wurin zama. Biyu daga cikinsu su kama haƙarƙari.

8. Goge da samfefa. Shafa fenti ko kwalta sau 2 a duk inda zarto ya bi. Ta nan ruwa yake fara shiga katako.

9. Haɗa murfi. Idan falankai ne, haɗe su ta ƙasa da guntun katako. Kafa roba a inda murfin zai zauna. Yi masa hannu da igiya. Murfi ya yi daidai da daɓe, kada ya sa tuntuɓe.

Me ya sa ake lanƙwasa kusurwa?

Daga 1941 zuwa 1945, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka ta ƙera manyan jiragen kaya 2,710 da ake kira Liberty. Da yawa sun tsage, wasu har sun rabe biyu. Da aka bincika, sai aka ga tsagewar takan fara daga kusurwar ƙofar kaya mai tsini. Aka lanƙwasa kusurwoyin, aka ƙara musu ƙarfe. Abin da ya sami babban jirgi yana iya samun ƙarami, musamman mai daɓen ƙarfe ko filawud.

Gargaɗi

Wasu jirage suna da ɗaki rufaffe a gaba ko a baya, iska ce kawai a ciki. Shi ke hana jirgi nutsewa idan ruwa ya cika shi. Idan an yanka ƙofa a nan, dole murfin ya ɗauru tam da noti da roba, ko ɗigo kada ya shiga. Daɓen ƙarfe kuwa, a bar wa mai walda.

Kullum kafin ka tashi, buɗe ƙofar ka leƙa. Kwarfe ruwan da ka gani. Idan gobe ya fi na yau yawa, jirgi yana yoyo, sai gyara. Ƙofa ba ta maye gurbin rigar ruwa, ba ta kuma halatta lodi fiye da ƙima. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Jarka 4 masu lita 25, kilo nawa ke nan?
2. Me ya sa ba a yanke haƙarƙarin jirgi?
3. Rubuta abubuwa 3 da za ka auna kafin ka je wurin kafinta.