Darasin lafiya: Wutar da ke cikin ƙwaƙwalwa da ciwon farfaɗiya



Manomi yana cikin noma sai ya taka ƙaya. Kafin ya ce wayyo, ya riga ya ɗage ƙafa. Wane ne ya ba ƙafar umurni? Amsar ita ce darasinmu na yau. Wanda ya gane ta, zai gane ciwon farfaɗiya.

Sassan ƙwaƙwalwa

Nauyin ƙwaƙwalwar babban mutum ya kusa kilo 1 da rabi. Manyan sassanta 3 ne.

1. Babbar ƙwaƙwalwa. Da ita muke tunani da magana, da ita muke gani da ji. Ta rabu biyu. Rabin hagu ke juya gefen dama na jiki, rabin dama kuma ke juya gefen hagu.

2. Ƙaramar ƙwaƙwalwa. Tana wajen ƙeya. Ita ke daidaita tafiya, har mace ta ɗauko tulu daga rijiya ba ta yi tangaɗi ba.

3. Gindin ƙwaƙwalwa. Shi ke tsaron numfashi da bugun zuciya, ko muna barci. Daga nan laka ke sauka cikin ƙashin baya.

Yadda saƙo ke tafiya

Jijiyar jini dabam, jijiyar saƙo dabam. Jijiyoyin saƙo an yi su da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani. Cikin ƙwaƙwalwa kaɗai akwai wajen miliyan dubu 86. Kowace ƙwaya tana da rassa masu karɓar saƙo, da dogon zare mai kai shi gaba.

Saƙon nan wutar lantarki ce, amma ƴar kaɗan. Ƙarfinta bai kai kashi 1 cikin 10 na batirin tocila guda ba. Ga inda take fitowa. Zaren yana kwance cikin ruwan jiki mai gishiri, kuma fatarsa tana da ƙananan ƙofofi. In saƙo ya zo, sai ƙofar farko ta buɗe, gishirin ya kwarara ciki. Shigarsa ke buɗe ƙofa ta gaba, ita ma ta buɗe ta gabanta. Haka saƙon ke bin zare kamar yadda wuta ke bin busasshiyar ciyawa. Gudunsa yana iya wuce mita 100 cikin daƙiƙa 1. Masana biyu na ƙasar Ingila, Hojkin da Haksli, suka bayyana wannan a shekarar 1952.

To, mu koma ga manomi. Saƙo ya tashi daga tafin ƙafa zuwa laka. Laka ta maida umurni nan take, ƙafa ta ɗaga. Bayan haka ne labari ya kai ƙwaƙwalwa, ya ji zafi.

Mene ne farfaɗiya?

A ƙa'ida, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika saƙo bi da bi. Wani lokaci sai ɗimbinsu su saki wuta gaba ɗaya, babu tsari. Sai mutum ya faɗi, jiki ya sandare, ya yi ta karkarwa. In abin yana maimaituwa, shi ne farfaɗiya. Wahalar haihuwa, buguwar kai, sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, duk suna iya haddasa ta.

Saboda haka farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce. Ba a ɗaukar ta ta miyau, ko ta taɓawa, ko ta cin abinci a kwano ɗaya. Tsoron ɗauka ke sa jama'a su watse su bar mutum kusa da murhu ko bakin rijiya. Nan haɗarin yake.

Abin yi in mutum ya faɗi

1. A janye shi daga wuta da ruwa.
2. A sa masa zane ƙarƙashin kai.
3. Kada a danne shi.
4. Kada a sa masa cokali, ko ruwa, ko jiƙo a baki.
5. In karkarwa ta tsaya, a kwantar da shi a gefe, a zauna da shi har ya farfaɗo.
6. In ta wuce minti 5, a gaggauta kai shi gidan likita.

Akwai magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin masu farfaɗiya 10, wajen 7 za su iya daina faɗuwa in suna shan maganin da ya dace. Ana shan sa kullum, kuma ba a tsayar da shi sai da izinin likita. Yaro mai farfaɗiya yana iya karatu. Kada a hana shi zuwa makaranta.

Tambayoyi

1. Wane sashe ke tsaron numfashi?
2. Me ke faruwa cikin ƙwaƙwalwa lokacin faɗuwa?
3. A garinku, yaya ake yi da mai farfaɗiya? Me ya kamata a gyara?

Ku karanta wa waɗanda ba su iya ba tukuna. Allah ya ba mu lafiya, amin.