Ba Kowane Ƙwannafi Ne Olsa Ba

Wasiƙun ƙwannafi sun sake taruwa. Wata baiwar Allah daga Zariya ta ce ta daɗe tana shan maganin olsa, amma da ta kwanta sai ruwa mai tsami ya hauro mata maƙogwaro. Hajiya, muna yawan maimaitawa a shirin nan: ba duk zafin ƙirji ne olsa ba. Tsakanin ƙirji da ciki akwai tantanin nama mai 'yar ƙofa, inda bututun abinci ke ratsawa. Idan ƙofar ta saki, sai saman tumbi ya kutsa cikin ƙirji, ruwan tsamin ciki ya samu hanyar hawowa. Shi ya sa abin ke tsananta a kwance, ko a ruku'u bayan an ƙoshi. Likitoci sun ce ya fi kama waɗanda suka haura shekara 50, masu ƙiba, masu juna biyu, da masu tari mai daɗewa ko ɗaukar kaya masu nauyi.

Wani zai ce, ai omeprazole na yi mini aiki, don haka olsa ce. A'a. Maganin yana rage tsamin ne ko wace ce matsalar, amma ba ya mayar da tumbi mazauninsa. Abin da zai bambance olsa da wannan matsalar shi ne gwaji, wato na'urar leƙa ciki ta baki ko hoton da ake ɗauka bayan an sha farin ruwan bariyam, kuma manyan asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano suna yi. Kafin nan, Hajiya, ki daina cika ciki da tuwo sannan ki kwanta. Ki bar awa 3 tsakanin abincin dare da barci, ki ci kaɗan-kaɗan, ki rage yaji, maiƙo da goro. A ɗaga kan gado kamar santimita 15 ta hanyar sa bulo ƙarƙashin ƙafafunsa, domin tara matasai lanƙwasa ciki kawai yake yi. Tiyata sai ga 'yan kaɗan da magani ya gaza musu.

Akwai kuma mai tambaya kan shan jiƙon kanwa saboda ƙwannafi: Malam, don Allah ka bari.

Wanda kuma abinci ke maƙale masa, ko yake aman jini, ko bayan gidansa ya yi baƙi, ko zafin ƙirjin ya zo da gumi ya sauka hannu, kada ya tsaya rubuto mana wasiƙa, ya tafi asibiti yau, domin na ƙarshen yana iya zama ciwon zuciya. Lokaci na ƙurewa, bari mu ɗauko wasiƙa ta gaba.