Ga ɗalibin da ya nemi likitanci aka ba shi kimiyyar gwaje-gwaje

Duk shekara idan jami'o'i suka fitar da sunayen waɗanda suka samu gurbi, akwai ɗaliban da suka nemi likitanci amma aka tura su kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, ko nazarin sassan jiki, ko sinadaran jiki. Da yawansu suna shiga aji ɗaya zuciyarsu na wani wuri, suna jiran canjin kwas ko sake zama JAMB. Mu da muke aiki a ɗakin gwaji, muke karɓar ɗalibai idan sun zo koyon aiki, muna ganin abin da hakan ke haifarwa: wanda ya mai da kwas ɗinsa zauren jira yakan fito da takardar shaida amma hannunsa bai faɗa ba. Ƙannena, wannan karatu sana'a ce mai zaman kanta, kuma idan kuka raina ta, marasa lafiya ne za su ɗanɗana kuɗarsu.

Da farko ku san abin da kuka shiga, domin kwasa-kwasan ba ɗaya ba ne. Digirin kimiyyar gwaje-gwaje, wanda ake yi a jami'o'i irin su Bayero a Kano da Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, shekara biyar ne, sai shekara guda ta sanin makamar aiki kafin bautar ƙasa. Hukumar MLSCN, wadda dokar 2003 ta kafa, ita ke ba da lasisi. Digirin sassan jiki ko sinadaran jiki yana da amfaninsa a bincike da koyarwa da kamfanonin magunguna, amma ba ya ba mutum izinin sa hannu a sakamakon gwajin majinyaci. Haka abin yake a Ingila, inda sai mai rajista da hukumar HCPC ke amsa sunan wannan sana'a. Don haka kafin iyaye su biya kuɗin rajista, a tambaya ko hukumar MLSCN ta amince da sashen.

Wani zai ce ai likita ake girmamawa, mai gwaji kuwa yana can ƙurya ba wanda ya san shi. Gaskiya ne ba a ganinsa, sai dai a dubi abin da ke rataye a wuyansa. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da ƙwayar sikila, kuma a 2024 jihar Kano ta wajabta gwajin jini kafin aure. Idan mai gwaji ya rubuta AA ga wanda yake AS, saboda gaggawa, ko ya haɗa kwalabe, ko bai tambaya ba ko an yi wa mutumin ƙarin jini a watanni ukun baya, to an ɗaura aure a kan ƙarya, kuma idan ɗayan ma AS ne, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na haihuwar mai amosanin jini. Babu likitan da zai gano wannan kuskure da ido. A 2010, lokacin da yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, alamun sun yi kama da zazzaɓin cizon sauro ko sanƙarau. Awon jini ne ya nuna gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje.

Akwai kuma masu cewa na'ura ta karɓe aikin. Lallai GeneXpert tana gano tarin fuka cikin kamar awa biyu, har ta nuna ko ƙwayar ta bijire wa magani. Amma idan yawu aka kawo a maimakon majina, na'urar za ta iya cewa ba komai alhali ciwon yana nan. Gwajin Widal ma darasi ne: yinsa ba wuya, amma wanda bai fahimci yadda garkuwar jiki ke aiki ba zai yi ta cewa mutane suna da taifot, a yi ta ɗirka musu magungunan da ba su buƙata. Abin da jami'a ke koyarwa shi ne sanin lokacin da ya kamata a yi shakkar sakamako.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na rashin kayan aiki a makarantu da wahalar samun gurbin sanin makamar aiki, kuma ba zan ce ƙarya ba ne. Ɗalibai da yawa su taru a kan madubin likita ɗaya abin takaici ne. Wannan ne ma dalilin da ya sa watannin da ake tura ku asibiti suke da daraja. Kada ku tsaya ga neman sa hannu a littafin halarta. Ku shafa jini a gilashi da hannunku, ku rina shi, ku ƙirga ƙwayoyin maleriya har idonku ya saba, ku roƙi na gaba da ku su nuna muku yadda ake tabbatar da ingancin sinadarai kowace safiya kafin a taɓa jinin majinyaci na farko.