Gidan Reza na Ƙarfe

Ya kai mai karatu, ka san wanzami da zabirarsa a kasuwar Batsari ko ta Safana. Dā askarsa ita ke gyaran fuska, har wani Ba'amurke, Gillette, ya yi rajistar reza mai gidan ƙarfe a 1904.

To, in ka gaji irin gidan nan, kada ka yar, yana da ƙarko. Kwance shi, ka tafasa, ka shanya saboda tsatsa. Amma reza lalle sabuwa za ka sa, kada kuwa ka ara wa kowa, ko da ƙanenka ne, gama ciwon hanta yana bin ɗan jinin da ido ba ya gani. In za ka wurin wanzami, tafi da taka.

Jiƙa gashin da ruwan ɗumi da sabulu, ka bi kwancinsa, kada ka danna.