Cin Ranin Zinariya Da Hayaƙin Zaiba

Da an gama kai amfanin gona rumbu, samari da yawa a Zamfara da Neja sukan jingine fartanya su tafi ramukan zinariya cin rani. A can ake niƙe dutse, a wanke garin, a zuba masa zaiba, watau ruwan ƙarfen nan mai nauyi mai ƙyalli kamar azurfa. Ita zaiba takan kama ƙurar zinariya su dunƙule. Sa'an nan a sa dunƙulen a wuta, zaiba ta tashi, zinariya ta rage.

To, ina zaibar ta tafi? Hayaƙinta ba shi da launi, ba shi da wari. Wanda ya sunkuya bisa wutar yana shaƙarsa bai sani ba, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na abin da ya shaƙa yakan ratsa huhu ya shiga jini. Mafi yawa a ƙoda yake taruwa. Sai an yi wajen wata biyu kafin rabinsa ya fita jiki, saboda haka mai ƙona zaiba kowane mako ƙari yake yi bisa ƙari.

Aikin ƙoda kamar na rariya ne. Takan tace jini, datti ya fita cikin fitsari, abin da ke gina jiki ya tsaya. Zaiba takan ci 'yan ƙananan hanyoyin fitsari da ke cikin ƙodar. Amma ga wadansu mutane ɓarnar ta fi haka, domin takan rikita garkuwar jiki, watau dakarun da ke cikin jini masu yaƙi da cuta, har su juya su auka wa rariyar kanta. Daga nan sai ta riƙa yoyo. Fitsari ya yi kumfa, ƙafafu su kumbura, fuska ta tasa da safe. Sau da yawa babu wani ciwo, sai dai damina ta faɗi a ga ƙato ya kasa gama kunya goma. Akwai kuma rawar hannu, da ciwon dasashi, da rashin barci, da saurin fushi.

Kada a haɗa wannan da gubar dalma wadda ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010. Waccan daga ƙurar dutsen ta fito.

Yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta nemi ƙasashe su kawar da ƙona zaiba a fili da cikin unguwa. Lalle kuwa ƙonawa a ɗaki ko a madafa ya fi muni, gama hayaƙin yakan lafe a bango da tufafi, mata da yara su yi ta shaƙa. Ɗaure hanci da rawani ba ya tare shi. Akwai rufaffiyar tukunyar ƙarfe mai bututu wadda ke sanyaya hayaƙin ya koma ruwa, a sake aiki da shi.

Wanda ya ga kumfa ko kumburi ya tafi asibiti a auna fitsarinsa, ya kuma faɗa wa likita ya yi aikin zaiba. In an rabu da ita da wuri aka yi magani, ƙoda takan farfaɗo.