Raunin Sigina Sakamakon Karkacewar Eriya: Darasi Daga Ƙasar Kazaure

1.0 Gabatarwa

Ƙasar Kazaure da Roni ƙasa ce mai duwatsu da tuddai, saɓanin Ɓaɓura mai shimfiɗaɗɗen rairayi. Wannan yanayi yana shafar duk wanda zai sadar da intanet tsakanin eriya biyu ba tare da waya ba. Manufar wannan darasi ita ce nuna yadda ake gane cewa raunin sigina daga saitin eriya ya samo asali.

2.0 Tushen Matsalar

Eriya mai siffar kwano tana tattara sigina wuri ɗaya, kamar hasken tocila. Kwano mai faɗin santimita 60 a kan gigahaz 5.8 yana fitar da sigina mai faɗin kimanin digiri 6. Idan ya karkace da digiri 3 kacal, an yi asarar desibel 3, wato rabin ƙarfin siginar. Guguwar farkon damina kuwa takan sassauta noti ta juya kwanon.

3.0 Matakan Bincike

Da farko, a kwatanta ƙarfin siginar yanzu da wanda aka rubuta ranar kafawa. Raunin da ya faɗo lokaci ɗaya bayan iska, kuma ya dawwama, alama ce ta karkacewa. Wanda ke zuwa yana tafiya tare da ruwan sama kuwa ya fi shafar zangon da ya haura gigahaz 10.

Na biyu, a tabbatar eriyoyin biyu suna tsaye ko kwance iri ɗaya, domin saɓani a nan kan cinye desibel 20 ko fiye.

Na uku, a duba hanyar. Hangen juna bai wadatar ba: a tsakiyar tazarar kilomita 10, ana buƙatar sarari na kusan mita 7 tsakanin layin siginar da dutse ko bishiya.

Na huɗu, a saita ɓangare ɗaya, ɗayan yana tsaye cik: dama da hagu tukuna, sannan sama da ƙasa. Kada a tsaya a ƙarfin farko da aka gani, domin kwano yana da ƙananan rassan sigina a gefe masu yaudarar ma'aikaci. A wuce shi, a dawo kan mafi ƙarfi, sannan a ɗaure noti ana kallon ma'auni.

4.0 Kammalawa

Ƙara ƙarfin na'ura ba ya gyara karkatacciyar eriya. Ya kamata a rubuta sabon ma'aunin, a kuma sake dubawa kafin kowace damina.